Cire ƴan wuya: aska da zare, wutar lantarki, ko a rage kawai?

Yayata ta zo Maradi daga wani ƙauye a bayan Dakoro da autanta mai shekara 5. Yaro ne wanda in yana barci a ɗaki, na zaure ma ya sani. Minshari kamar na dattijo, baki a buɗe, can sai numfashin ya tsaya cak, uwar ta zabura ta girgiza shi. Likitan kunne, hanci da maƙogwaro ya leƙa bakin, ya ce ƴan wuyan sun kusa haɗewa a tsakiya, akwai kuma nama a bayan hanci, aiki za a yi. Kafin magariba gidanmu ya rabu uku. Inna ta ce a kira wanzami. Wani maƙwabci ɗan kasuwa ya ce kada a yarda da aska, a kai yaron babban birni inda ake yi da na'ura, "ko ɗigon jini ba ya zuba". Yaya kuwa tambaya ɗaya ta riƙe: "Ni dai wanne ne ba zai zubar mini da jinin yaro ba?"

Batun wanzami ba zai ɗauke mu lokaci ba. Belu daban, ƴan wuya daban. Belu shi ne ɗan naman da yake reto a tsakiya, ƴan wuya kuma su ne guda biyun da suke dama da hagu, a zaune cikin rami, jijiyoyin jini na shiga cikinsu ta sama da ƙasa da baya. Waɗannan jijiyoyi rassa ne na babbar jijiyar da take bi ta gefen wuya. Wanda ya sa ƙarfe a wurin ba tare da an sa yaro barci ba, ba fitila, ba abin zuƙe jini, ba zaren ɗauri, in jini ya ɓalle ba shi da abin yi sai salati. Wannan ba ya cikin zaɓin da nake kwatantawa.

Kafin a yi gardamar hanya, a san cewa jinin da ake tsoro iri biyu ne, kuma ba lokaci ɗaya suke zuwa ba. Na farko yana zuwa cikin awa 24 bayan aikin, galibi saboda wata jijiya da ba ta ɗauru da kyau ba. Shi wannan da sauƙi ta wani gefen, domin yaron yana asibiti, ma'aikata na kusa. Na biyun shi ne mugun. Bayan an cire ƴan wuya ba a cika ɗinke wurin ba, a buɗe ake barin sa, sai wani farin ɓawo ya rufe ramin. Tsakanin kwana na 5 da na 10 ɓawon yake saɓulewa, kuma a nan ne jijiyar da take ƙarƙashinsa kan buɗe. Yakan kai har kwana 14. A lokacin yaro ya koma gida, ya fara wasa, kowa ya saki jiki. Ga mutumin da gidansa yake unguwar Zariya ko Ali Ɗan Sofo, wannan tashin hankali ne na minti ashirin a kan kabu-kabu. Ga wanda yake ƙauyen da ya fi kilomita 100 daga gari, cikin dare, wata magana ce daban. Yaro mai nauyin kilo 15, duk jinin jikinsa bai wuce lita ɗaya da ɗan ɗoriya ba.

Don haka duk hanyar da aka ambata maka, tambaya biyu za ka yi mata: ya take da jinin ranar farko, ya kuma take da jinin mako guda?

Hanya mafi daɗewa ita ce wadda likitoci suke kira ta sanyi. Ana sa yaro barci, a buɗe bakin da ƙarfe, likita ya kama ɗan wuyan da hantsaki, ya tsaga fatar gefensa, ya bi a hankali yana raba shi da tsokar da yake kwance a kai har ya fita gaba ɗaya da tantanin da ya lulluɓe shi. Jinin da ya fito a danne shi da ƙullin auduga, jijiyar da ta ƙi tsayawa a ɗaure ta da zare. Ba wuta ko kaɗan. Tana cin lokaci, kuma a ɗakin fiɗa ta fi sauran zubar da jini. Ita ce maƙwabcinmu yake yi wa kallon aikin talaka.

Sai hanyoyin zafi. Akwai hantsakin lantarki mai baki biyu, wanda wuta take ratsawa daga baki ɗaya zuwa ɗayan ta ƙone abin da ke tsakani. Akwai mai baki ɗaya, wanda ake manna wa majiyyaci faranti a cinya, wutar ta bi ta jikinsa ta koma. Da waɗannan likita yana yanka yana toshe jijiya a lokaci guda, wurin aiki ya zauna tsaf, a gama da wuri. Zafin da suke kaiwa ya haura digiri 400. Sai kuma Coblation, wadda ta shigo aikin ƴan wuya wajen shekarar 2001: sanda ce da take aiki cikin ruwan gishiri tana narkar da nama a zafin da bai wuce digiri 40 zuwa 70 ba. Ita ce yawanci ake nufi in an ce "na'ura", ko da mai maganar ya kira ta leza. Kan sandar sau ɗaya ake amfani da shi a jefar, shi ya sa kuɗin aikin yake tashi.

Da ido, hanyoyin zafi sun ci gasar. Maƙwabcinmu bai yi ƙarya ba da ya ce jini ba ya zuba, in dai ɗakin fiɗa yake nufi. Abin da bai gani ba shi ne kwana na bakwai.

A shekarar 2001, saboda tsoron kada kayan aiki su ɗauki cutar haukar shanu daga wani majiyyaci zuwa wani, hukumomin lafiya na Ingila suka ce a riƙa cire ƴan wuya da kayan aikin da ake jefarwa bayan amfani ɗaya. Kafin shekarar ta ƙare aka janye umarnin, domin rahotannin zubar jini sun yi yawa. Wannan rikici ya sa aka zauna aka yi ƙidaya ta gaske: daga 2003 zuwa 2004 an bi diddigin mutum fiye da 33,000 da aka yi wa aikin a Ingila da Ireland ta Arewa. Jinin ranar farko ya samu kamar mutum 6 cikin 1,000. Jinin da yake zuwa daga baya ya samu kamar 3 cikin 100. Da aka rarraba bisa hanyar aiki, sai aka ga waɗanda aka yi wa da hantsakin lantarki ko Coblation sun fi waɗanda aka yi wa da ƙarfen sanyi da zare zubar da jini kusan ninki uku. Sakamakon farko ya fito a mujallar likitoci ta Lancet a 2004, tun ba a gama ƙidayar ba, kuma aka gargaɗi likitoci su rage yawan wutar da suke sa wa maƙogwaro. Rajistar da ƙasar Suwidin take ajiyewa ta masu wannan aiki ita ma daga baya ta nuna abu ɗaya: inda zafi ya shiga, jinin baya yana ƙaruwa.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga duk wanda ya taɓa ƙonewa da garwashi. Yankan reza yana warkewa da wuri, ƙuna kuwa tana cin nama zuwa ciki, ta yi ɓawo mai kauri, ta daɗe tana ruwa. Wutar da ta toshe jijiya yau ta kashe naman da ke kewaye da ita, ranar da mataccen naman ya faɗi sai bakin jijiyar ya buɗe. Ciwon ma haka: waɗanda aka ƙona da lantarki sukan fi jin zafin haɗiya a kwanakin baya, yaron da haɗiya take yi wa zafi kuma ba ya sha, wanda ba ya sha maƙogwaronsa ya bushe.

Coblation tana buƙatar a yi mata adalci, domin an yi ta gardama a kanta. Masu goyon bayanta sun ce a 2003 sabuwa ce, likitoci suna koyon ta ne, shi ya sa alƙaluman suka yi muni. Akwai gaskiya a ciki, domin ƙidayar ta Ingila kanta ta nuna jini ya fi yawa a hannun masu koyon aiki. A 2017 ƙungiyar Cochrane, mai tace binciken likitoci, ta tattara gwaje-gwaje 29 da suka shafi mutum sama da 2,500, ta ce shaidar ba ta da ƙarfi, sauƙin ciwon da ake tallatawa ɗan kaɗan ne a ranar farko kuma yana ɓacewa cikin kwanaki, jinin baya kuma mai yiwuwa ya ɗan fi na sauran hanyoyin, wajen 5 cikin 100 a kan ƙasa da 4. A taƙaice ba ta fi ba, ta dai fi tsada. A hannun wanda ya yi ɗaruruwa da ita aiki ne mai kyau. Amma ni ban ga dalilin da zai sa mutum ya sayar da ragon layya, ya yi tafiyar fiye da kilomita 600 zuwa Yamai ko ya tsallaka iyaka, don a cire ƴan wuya gaba ɗaya da ita, sannan ya kamo hanyar gida a kwana na uku, ɓawon ya faɗo masa a mota ko a ƙauye. Araha ba ta ado, haka ne, sai dai a nan da tsohuwar zuma ake magani.

A aikace yawancin likitoci ba sa tsayawa a gefe ɗaya. Suna cirewa da ƙarfen sanyi, su ɗaure manyan jijiyoyi da zare, su ɗan taɓa ƙanana da hantsakin lantarki. Haɗarin wannan yana tsakiya, kuma ya danganta da nauyin hannu: wanda ya rage ƙarfin wutar ya taɓa wuri biyu ko uku, da wanda ya bi ramin duka ya gasa shi, sunan aikinsu ɗaya, sakamakon ba ɗaya ba. Leza ta gaskiya, mai yanka da haske, da wuƙar da take yanka da girgiza suna nan su ma, amma ba su nuna wani fifiko a kan jinin baya ba, ba sai mun tsaya a kansu ba.

Inda aka sami bambanci babba ba a kayan aiki ba ne, a yawan abin da ake cirewa ne. Manyan jijiyoyin jini da na jin zafi suna wajen tantanin da ya lulluɓe ɗan wuya, tsakaninsa da tsoka. In likita ya aske naman daga ciki ya bar tantanin da ɗan siririn nama a kansa, bai taɓa tsokar ba, jijiyoyin da ya yanka ƙanana ne. Wannan shi ne ragewa. Ana yi da na'urar aske nama, wadda wani likita a Amurka mai suna Peter Koltai ya yaɗa amfani da ita a 2002, ana yi da Coblation, a nan ne ma take da amfani sosai, ana kuma yi da wasu kayan zafi masu sauƙi.

Ƙasar Ostiriya ta koyi wannan da hawaye. A 2006 da 2007 yara biyar ƴan ƙasa da shekara 6 suka rasu sakamakon zubar jini bayan an cire musu ƴan wuya. Likitocin ƙasar suka haɗu suka ce daga yanzu ƙananan yara ragewa za a fi yi musu. Da suka bi mutum sama da 9,000 tsakanin 2009 da 2010, suna rubuta ko da ɗan jini ne a yawu, sai suka sami kashi 15 cikin 100 ga waɗanda aka cire wa duka, kashi 2 da ɗan kai ga waɗanda aka rage wa. Waɗanda sai da aka mayar ɗakin fiɗa: kusan 5 cikin 100 a rukunin farko, ƙasa da 1 cikin 100 a na biyu. Kada bambancin 15 ɗin nan da 3 na Ingila ya rikita ka, ya danganta ne da abin da mai ƙidaya ya yarda ya kira zubar jini. Cochrane kuma a 2020 ta ce yaran da aka rage wa sukan koma harkokinsu kamar kwana huɗu kafin waɗanda aka cire wa duka.

Ragewa tana da nata cikas. Naman da aka bari yakan sake girma, musamman ga yaro ƙarami sosai. A Suwidin, inda ake yawan yin ta, kusan yara 4 cikin 100 sun sake komawa a yi musu aiki. Ga iyalin da zuwa asibiti sau ɗaya ma sai an sayar da buhun gero, wannan abin lissafi ne. Sannan ba kowane ciwo ta dace da shi ba. Yaron Yaya matsalarsa girma ce, hanyar iska ta toshe, ragewa za ta ishe shi. Ƴar wani abokina kuwa, budurwa mai shekara 19, nata ƴan wuyan ba su da girma, amma kusan duk wata biyu sai sun kumbura sun yi mugunya, zazzaɓi ya kwantar da ita. Irin wannan an saba cire su duka ne, don kada a bar wurin da ciwon zai sake zama. Kuma ita ce ta fi shiga haɗarin jini, ba yaron ba: manya sun fi yara zubarwa, maza sun fi mata, wanda kuma ƴan wuyansa suka sha kumburi suka manne da tsoka ya fi wanda nasa girma kawai suka yi. Ga irinta, hanyar sanyi da zare ce zan nema.

Ita ma sai an tabbatar ta kai a yi mata. Ma'aunin da likitocin Amurka suke bi, wanda suka sabunta a 2019 don yara, shi ne ciwon maƙogwaro mai zazzaɓi sau 7 a shekara ɗaya, ko sau 5 a kowace shekara har shekara biyu, ko sau 3 a kowace shekara har shekara uku. Wanda bai kai haka ba, sau da yawa jira da magani sun fi. Ƙurar hunturu da take sa kowa kakari ba ta cikin lissafi.

Da muka koma wurin likitan, Yaya ta ce in yi magana, ita kunya take ji. Na tambaye shi hanyar da ya fi sabawa da ita, ko yana rage wa yara ko cirewa kawai yake yi, kuma in jini ya zo ƙarfe biyun dare wa za mu tarar. Ya ce shi hannunsa ya zauna a kan ta sanyi, yana ɗauri da zare, wuta sai inda ta zama dole. Ya juya wurin Yaya: "Hajiya, a ina za ku kwana bayan an sallame ku?" Ta ce gida za su koma, ga aiki ya taru. Ya ajiye biro ya ce in haka ne gara a ɗaga aikin.

Wannan tambaya tasa ta fi duk alƙaluman da na kawo nauyi a wurinmu. Da akwai wanda ya ƙware a ragewa kusa da mu, kuma aljihu ya kai, ita zan zaɓa wa yaron. Amma tsakanin ragewa a gari mai nisa a dawo da wuri, da cirewa ta sanyi a hannun wanda ya saba, yaro yana kwana inda asibiti yake kusa har mako biyu, na biyun ya fi kwantar mini da hankali.

Akwai abubuwan da suke ƙara haɗarin jini ko rage shi waɗanda ba ruwansu da hanyar aiki, kuma a ƙasarmu sun fi nauyi. A auna jinin yaro kafin a shiga, a san rukuninsa, a kuma san wane ɗan'uwa ne zai bayar in an buƙata. Iyaye sun fi son babban hutun makaranta, amma shi ne damina, lokacin da zazzaɓin cizon sauro yake shanye jinin yara, hanyoyin ƙauye kuma suke yankewa. Yaron da jininsa ya riga ya yi ƙasa ba shi da rarar da zai zubar. Bazara kuma, da zafin Afrilu da Mayu, yaron da ba ya son haɗiya yana bushewa cikin yini ɗaya. A faɗa wa likita in yaron yana da sikila, wadda muke kira emasi, in yana yawan haɓo, in ya daɗe yana zubar da jini lokacin kaciya ko cire haƙori, ko in akwai mai irin haka a dangi. Babba mai niyyar yi kada ya sa shi dab da azumi, domin makon farko sha ne maganinsa.

Magani kuma a tsaya kan abin da aka rubuta. Farasitamol a kan lokaci, ba sai ciwo ya taso ba, tare da ibuprofen in likita ya yarda. Asfirin haramun ne a nan, yana hana jini daskarewa, kuma yana ɓoye cikin wasu ƙullin magungunan ciwon jiki da ake sayarwa a tire. Kodin da tramol ba na yaron da aka cire wa ƴan wuya ba ne: hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi mai tsanani a kan kodin a 2013 bayan mutuwar wasu yara, ta haɗa da tramol a 2017, domin suna iya danne numfashi, balle ga yaron da dama numfashinsa yake tsayawa cikin barci. Farin da za a gani a maƙogwaro da ɗan warin baki ba ruɓa ba ne, ɓawon ne, kada wata kaka ta sa tsinke ko yatsa ta ce za ta goge. Ya sha ruwa mai sanyi, kunu da ya huce, fura mai laushi, kindirmo, ya ci tuwo da miyar kuka da zarar ya iya, domin cin abinci yana taimaka wa wurin. Kilishi da ƙuli-ƙuli da yaji su jira. Zoɓo ma a ajiye shi, ba don yana cutarwa ba, don kada ya tofar da ja a rasa gane ko jini ne.

In kuwa jinin ya zo, ja a yawu, gudaji a baki, aman baƙin jini, ko yaro yana ta haɗiya cikin barci yana yin fari, a zaunar da shi ya sunkuya gaba ya tofar, kada a kwantar da shi rigingine, kada a ba shi abinci, kada a barbaɗa masa garin komai. A tafi asibiti ko da ya tsaya a hanya. Babban jini sau da yawa ƙarami ne yake yi masa sallama, awoyi kaɗan kafin ya iso.

An yi wa yaron aiki ranar Laraba, ya kwana ɗaya a asibiti, muka dawo da shi gidana. Na karɓi lambar wani mai kabu-kabu na layinmu, na ce masa kada ya kashe waya da dare har sai na sallame shi. A kwana na shida maigidan Yaya ya bugo, ya ji muryar yaron yana guje-guje a tsakar gida, ya ce to ai ya warke, su biyo motar kasuwa gobe. Yaya ta rufe bakin wayar da hannu ta dube ni.

"Yau kwana nawa?"

"Shida, Yaya."

Ta mayar da wayar kunne. "Malam, a yi haƙuri, sai Laraba ta sama."